Tawadar da Na Sirka da Ruwan Randa

Daga Anacha, bakin Kwara.

Zuwa ga ɗiyata Hadiza, Uwata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da gajiyar shirin biki, ina gaida Innarki da ƙannenki da duk wanda ya tambaye ni, in akwai mai tambaya. Allah ya sa takardar nan ta riske ki kafin a kai ki Wara, ya tsare direban motar kifi da na damƙa wa ita. Ni dai lafiya lau, sai gwiwa, sai ruwan saman garin nan da ba ya gajiya. Ba zan samu zuwa ba. Mai siton bandar kifin da nake gadi bai hana ni ba, kada a ɗora masa. Ni ne ƙafata ba ta iya taka kasuwar Yelwa ba tukuna.

Ranar da kika ce mini a waya za ki sayi firinta, ki riƙa buga wa mata hotunan biki da suna a cikin ɗakinki, na ce miki Allah ya sa albarka, na kashe wayar. Innarki ta kira daga baya ta ce, "Malam, yarinya ta nemi shawararka ka datse ta kamar ta zage ka?" Gaskiyarta. Shekara goma sha ɗaya na yi ina wannan sana'ar, shekara tara ke nan da na bar ta na bar garin, kuma ban taɓa zama na gaya miki dalili ba. Maganar ta fi ƙarfin katin waya, shi ya sa na nemi biro.

Ba zan hana ki ba. Mace mai buga hoto tana shiga inda ni ban taɓa shiga ba, kuma matan Wara za su fi sakin fuska a gabanki. Sai dai ki karanta wannan har ƙarshe kafin ki miƙa wa kowa kuɗinki.

Injina na farko a Kwantagora na saye shi. Mai shagon ya zaunar da ni, ya sayo mini ruwan sanyi, ya danna wani abu, sai ga takarda ta fito da furanni da wani jaririn Bature mai jan kumatu. Na riƙe ta ina kallo kamar ɗan ƙauye ya ga jirgin sama. Ban tambayi komai ba, na biya na ɗauko. Da na iso Yelwa, wanda na fara ɗauka shi ne Baffanki Sani, yayana, ke kin san shi, baƙi ne wuluk kamar gindin tukunya, ga shi ya sha farar riga ta Juma'a. Na buga na miƙa masa ina jiran yabo. Ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa, ya ce, "Garba, riga dai na gane ta, hula ma tawa ce. To ni ina nike?" Babu ido babu hanci, dunƙulen baƙi ne kawai tsakanin hula da wuyan riga. Mutanen rumfar mai shayi suka yi mako suna dariya.

Don haka idan kika je saye, kada ki yarda a gwada miki da hoton da ke cikin injin. Ba don fuskarmu aka shirya shi ba. Ki tafi da hoton Baffanki a wayarki, wanda yake cikin farar riga a tsakar rana, ki ce shi za a buga. In kika ga idonsa da tsagen kumatunsa, kuma rigar ba ta zama fari fat babu ɗinki ba, to injin ya ci jarrabawa. In mai shago ya ce ba ya gwaji sai an biya, ki yi masa sai an jima. Ki tafi da Sa'idu, angon naki, ya tsaya kusa da ke, amma ke za ki duba takardar, don ke za a zaga in ta ɓaci.

Kuma kafin ki tambayi kuɗin inji, fara tambayar ina ake samun tawadarsa. Masu ƙera abin nan wayo gare su, sukan sayar da injin da araha su jira ki a wurin tawada, kamar wanda ya ba ki akuya kyauta alhali shi kaɗai ke da dusa a garin. Nawa irin mai ƙananan gidajen tawada ne, waɗanda ake cirewa a mayar, ba su fi kwalin ashana ba, hoto kaɗan sun ƙare. Yanzu akwai masu tanki a gefe, ana ganin tawadar ta waje, a tsiyaya daga kwalba. In hannunki ya kai, shi za ki saya. Akwai mai launi huɗu, akwai mai shida. Mai shida ya fi fitar da fatar mutum, amma in tawadarsa sai an aika Kano, gara mai huɗun da za ki samu tasa a Yelwa ranar da kike so.

In kuma mai ƙananan gidajen ne ya samu, to sai kin koyi ɗura da sirinji, don sayen sabo kullum ba zai bar miki ko kuɗin sabulu ba. A nan ma na sha kunya. Sirinji ɗaya na saya a kemis, da shi nake ɗura baƙi, in ɗauraye, in ɗura shuɗi, in ɗauraye, in ɗura ja da ruwan ɗorawa. Ina ganin ai ɗauraya ta isa. Ashe ɗigon shuɗi ɗaya ya ishi ruwan ɗorawa ya koma kore. Aka yi wani biki a Shanga, na buga hoton ƙawayen amarya su takwas, duk suka fito kamar masu ciwon shawara. Babbarsu ta zo har shago, ta ajiye hoton a kan teburina ta ce, "Mai hoto, mu dai lafiyarmu lau muka zo bikin nan. In kai ka ga wata cuta a jikinmu, gaya muna mu tafi asibiti." Ki sayi sirinji huɗu, ki ɗaura wa kowanne zaren kalarsa, kada su taɓa haɗuwa ko a wurin ajiya. Ki tura a hankali, kada ki cika har baki, ki fitar da iskar da ke cikin sirinjin kafin ki soka. Wurin nan mai kama da jan ƙarfe a gindin gidan tawadar, kada yatsanki ya taɓa shi. Kuma kada ki jira ta ƙare ƙaf kafin ki ƙara, bugu babu tawada yana ƙona bakin injin. In kin ɗura, ki bar shi ya huta kamar tsawon dahuwar shayi, sannan ki gwada a takardar banza, ba a kan fuskar mutane ba.

Injin nan ba ya son zaman banza, ba ya kuma son tafiya. Wata damina na rufe shago na tafi noman shinkafa wajen Shanga, mako biyar. Na dawo na tarar tawada ta bushe a ƙananan ramukan da take fita, kowane hoto da zane-zane kamar tabarma. Ko babu aiki, duk bayan kwana biyu ko uku ki buga wani ɗan abu mai launi. Na kuma taɓa ɗaukarsa a kwale-kwale zuwa cin kasuwa, na kwantar da shi ta gefe tsakanin buhuna don kada ruwa ya fantsama masa. Kafin mu tsallaka, launukan sun shiga juna, rigata ma ta samu rabonta. Ranar da za a kwashi kayan ɗakinki, kada gwaggwanninki su cusa shi tsakanin katifa da kwanoni. Ko ki bari sai kin tare ki saya, ko ki riƙe shi a cinya, a zaune yadda yake zama a tebur.

Duk waɗannan kurakuran jahilci ne, ana dariya a wuce. Wanda ya fitar da ni daga gida daban ne, kuma da sanina na yi shi.

Tawada ta yi tsada a wata shekara. Na je wurin wani mai sayarwa, ya nuna mini wata a manyan kwalabe marasa suna, rabin kuɗin wadda na saba. Zan yi masa adalci, bai ruɗe ni ba. Ya ce, "Malam, wannan ta takardun ofis ce, ba ta hoto ba. Ba ta jure rana." Na ce ya kawo. Da na ga ta fita lafiya, kala tana sheƙi, sai zuciya ta ce mini ai tana da kauri. Na fara ƙara mata ruwa daga randar shago, cokali ɗaya, daga baya biyu. Ranar da aka karɓi hoto babu mai ganewa. Sai bayan wata shida, wata takwas, ja ya fara tafiya, sannan ruwan ɗorawa, a bar mutum da wani shuɗi-shuɗi kamar hayaƙi. Wanda ya dawo da ƙorafi in ce masa ɗakinsa ne ke da danshi.

A cikin watannin nan ne wani masunci ya zo, sunansa Iro, daga wata tunga ta bakin tafki kusa da Wara, irin ƙauyukan nan na masu kamun kifi. Ya sayar da kamunsa, ya sayi sabuwar shadda shuɗiya, ya shigo yana wari-warin kifi yana dariya. Ya ce, "Mai hoto, tun da aka haife ni ba a taɓa ɗaukata ba. Matata na da ciki, ina so in yaron ya zo ya tarar ubansa ya taɓa yin kyau." Na ce ya daina dariya ya tsaya sosai. Ya ce, "In na rufe baki ai ba za su gane ni ba." Haka na ɗauke shi, da wushiryarsa a waje. Na buga masa babba, ya naɗe a cikin rigarsa ya tafi.

Kafin matar ta haihu, iska ta taso masa a tsakiyar tafki. An tsinci kwale-kwalen, shi ba a same shi ba. Babu gawa, babu kabarin da za a nuna.

Bayan shekara da wani abu, ranar kasuwa, rana tsaka, wata mata ta tsaya a ƙofar shagona da goyon ɗiya mace. Ta ce ita ce Hansatu, matar Iro. Ta kwance wani ƙyalle ta fito da hoton. Uwata, shaddar tana nan, don tawadar shuɗi ta fi jimiri. Fuskar ce babu. Wani fili ne kawai mai ruwan toka, da ɗan farin wuri inda haƙoran suke.

Ta ce, "Mai hoto, mi ya sami fuskar mijina?"

Na ce, "A ɗakin banda kika rataye shi ko? Hayaƙi ne."

Ta ce, "Cikin akwati yake, cikin zanen aurena. Ban fiddo shi sai in ɗiyar nan ta yi kuka in nuna mata."

Mutane suka fara taruwa. Ta ɗaga murya, ba zagi ba, kuka ne mai magana a ciki. Ta ce ruwa ya ci shi sau ɗaya, ni kuma na ci shi na biyu. Wani daga baya ya ce nasa hoton ma haka ya yi, wani ya ce na uwarsa ma. Ta ce ita ba ta son komai, in sake buga mata kawai.

A lokacin injina ya riga ya mutu, tawadar nan ta toshe shi, na rufe shi da zane ina cewa gyara ake. Hoton Iro kuwa yana cikin katin kyamara, a gwangwanin madara, ƙasan teburin da na dafa. Abin da ya kamata in ce shi ne ta ba ni mako ɗaya in kai wani wuri a buga. Amma ta kunyata ni a gaban kasuwa, kuma na san in na ce akwai nata, duk na bayanta za su ce a fito da nasu. Na dube ta na ce, "Na goge. Ba na ajiye hoton da aka karɓa."

Ta naɗe takardar a ƙyallenta kamar akwai sauran wani abu a ciki, ta gyara goyonta ta tafi.

Daga ranar sunana ya koma Garba mai hoton aljanu. Har waɗanda suka shekara goma suna shan inuwar shagona, su ne kan gaba wajen kiran sunan. Wannan yana ci mini rai har gobe, ba zan ɓoye miki ba, akwai waɗanda ban yafe wa dariyarsu ba. Amma in na zauna na auna, ba su yi mini ƙarya ba. Ni na zuba ruwan. Wata huɗu na daure, sannan na bi motar kifi na zo nan. Na ce wa Innarki neman kuɗi zan tafi. Ke kina da shekara goma sha biyu, kin riƙe mini jaka har tasha.

Ga abin da nake so ki riƙe. Mutanenmu ba sa buga hoto don ado kawai. Wanda ke shiga ruwa kullum, da matar da za ta haihu a tungar da babu asibiti, da tsohuwar da jikoki suka taru a kanta ranar suna, wani lokaci takardar da kika miƙa musu ita ce za ta rage. Ranar da kike bugawa ba ki san wanne ne a cikinsu ba. Ki sayi tawadar hoto ta gaskiya, mai suna a jikin kwalba, a rufe da hatiminta, ki tambaya ko tana jure rana da danshi, don bakin tafki ba ya raga wa takarda. Kada ki haɗa iri biyu a tanki ɗaya. Ruwa kuwa, ko ɗigo. In ta yi tsada ki ƙara kuɗin hoto ki faɗi dalili, wadda za ta iya ta biya, wadda ba za ta iya ba ta buga ƙarami. Takardar ma ki sayi mai kauri, ki bar hoto ya sha iska kafin ki sa a leda, ki ce musu su nisanta shi da hayaƙin banda, don hayaƙin yana ɓatawa da gaske, ko da yake ni na fake da shi. Kuma kada ki goge hoton kowa. Kati ba shi da tsada, ki rubuta wata da shekara ki ajiye.

Yanzu ki duba ƙasan takardar nan, za ki ga ɗan abu a naɗe cikin leda, na like shi da gam. Katin ne. Shekara tara yana cikin aljihun jakata. Watan jiya na kai wa wani mai gyaran waya ya buɗe, Iro yana nan, hoto na goma sha bakwai, yana dariyarsa.

Za ki ce me ya hana ni bugawa a nan in aika. Sau biyu ina zuwa ƙofar masu hoto ina juyowa. Ban san abin da suka zuba a injinsu ba, kuma ba ni da fuskar da zan sake aika wa matar nan takardar da ban tabbatar da ita ba. Sannan ba abin da za a ba direba ya miƙa ba ne, sai an shiga an zauna an yi magana, ni kuwa ko ina gari ba zan shiga ɗakinta ba. Direban ya ce mini tana nan, tana kawo banda kasuwar Wara, kowa ya san Hansatun Iro. Ɗiyar ta kai shekara goma, ba ta taɓa ganin ubanta ba.

Ina roƙonki, ba umarni ba ne, don laifin ba naki ba ne, kuma amarya ce ke, bai kamata a aike ki da kunyar wani ba. In kin ga ba za ki iya ba, ki ajiye katin, ba zan yi fushi ba. In kuwa za ki iya, bayan kin gwada injin da Baffanki, Iro ya zama aikinki na farko. Ki nemi izinin Sa'idu ki je da kanki. Kada ki karɓi ko kifi ɗaya. Kada ki gyara mini magana, kada ki ce an tsinto katin. Ki ce mata, Garba mai hoto ya ce ƙarya ya yi, bai goge ba, kuma ba hayaƙi ba ne, ruwa ya zuba a tawada. In ta yafe, alhamdu lillahi. In ta zage ni, ki saurara har ta gama, ki kawo mini yadda ta faɗa, kada ki rage.

Ki buga guda biyu. Ɗaya nata. Ɗayan ki kafa shi a bangon ɗakinki, daidai inda rana ke shigowa ta taga, ba leda ba gilashi. Ki riƙa dubansa. Muddin wushiryar Iro tana nan sarai, ki ci gaba da sana'arki da kwanciyar rai. Ranar da kika ga ta fara dushewa, ki zubar da tawadar da ke hannunki, ki bi waɗanda kika buga wa gida-gida tun kafin su biyo ki.

Hannuna ya gaji, motar kuma ta gama lodi. Allah ya kai ki ɗakinki lafiya, ya sa ki shiga da ƙafar dama, ya haɗa kanku ke da mijinki. Allah ya tsare ki a hanya, ta tudu da ta ruwa, ya kiyaye ki daga son araha da irin girman kan ubanki. Allah ya jiƙan Iro, ya jiƙan Innata da kika ci sunanta. Ki gaida Innarki, ki ce mata na ji maganarta. Ki gaida Baffanki Sani, ki gaya masa har yanzu shi ne jarrabawar.

Wassalam.

Naki, mahaifinki,
Garba.